Shanun da Suka Ƙi Gonar Sama'ilu

Ranar da Muhammadu Lawal makiyayi ya yarda zai sauke shanunsa a gonar Sama'ilu, Sama'ilu ya kasa zama wuri ɗaya. Daga kasuwar Gwiwa har gida yana kan babur yana ɗaga wa kowa hannu, har da waɗanda ba sa ga maciji da shi.

Dole ya yi rawar kai. Tun da takin zamani ya fi ƙarfin talaka, kashin shanu ya zama ɗan gata, manoma na bin makiyaya da dawa da daɗin baki kamar masu neman aure. Gonarsa kuwa ta gaji, ta koma rairayi zalla. Geron da ta ba shi bara, ko kaji sun raina. In bana ma haka ne, sai dai ya sayar da gadon ubansa.

Shanu suka iso da rani, ya tare su da kirari, ya sa matarsa Zubaida ta sayo zana don rumbu na biyu.

Da rana ta take, shanun suka ɗaga kai, babu inuwa. Itatuwan gawon gonar, tuni Sama'ilu ya sayar wa masu gawayi, a shekarun da taki ke araha. Sai suka tsallaka gonar Dela, tsohuwar da ya sha yi wa dariya don ta hana a taɓa gawonta. Suka ci 'ya'yan gawo, suka kwanta, suka zuba mata arzikin duka. Ya koro su, suka koma. Ya yi musu rumfar kara, suka cinye rumfar.

Muhammadu Lawal ya mayar masa da dawarsa. "Ka yi haƙuri, Malam Sama'ilu. Ni na yarda, su ne ba su yarda ba."

Ran nan kunya ta hana shi cin tuwo.

Da damina ta sauka, yana noma ya ga 'yan tsiro cikin ɗan kashin da shanun suka bar masa. Ya durƙusa ya duba, gawo ne. Ya yar da fartanya ya ruga gida yana dariya, ya kwaso zanan rumbu ya kewaye su. Zubaida ta biyo shi tana tambayar yaushe waɗannan za su yi inuwa.

"Sai lokacin jikokinmu," ya ce, yana ɗaure zana. "Kin ga kuwa ba ni da ikon sayar musu da gona."