Ruwan Wanke Ƙwaryar Balki

Kwana tara da zuwan sabon mai buga waya Matameye, na'urar tangaraho ta fara shirme. Saƙo zai taso daga Damagaram lafiya lau, rabi ya iso, sauran ya zama ƙarar banza. Malam Illa, sabon ma'aikacin, mutum ne mai tsabta da saurin yanke hukunci. Ya aika wa kumandan, baturen mulki, takarda cewa ana yankar waya, kuma ya ambaci Ɗan'azumi maƙeri, don kawai ya hangi guntun jan ƙarfe a maƙerarsa.

Gardi biyu, dogaran gwamnati, suka ɗaure Ɗan'azumi a gindin tsamiyar ƙofar gidan waya. Gobe sai kaso, gidan yari, a Damagaram. Abin da ya rage shi ne mai duba layi ya dangwala yatsa a takarda, ya shaida an taɓa wayar.

Mai duba layin kuwa Muntaka ne, wanda duk garin ke yi wa ba'a da nawa. Ko igiyar akuya zai ɗaura sai ya ja ta sau uku. Ya ce yatsansa ba zai hau takarda ba sai idonsa ya gani. Tun hantsi yake hawa turakan waya ɗaya bayan ɗaya ta hanyar Kance, yana shafa kowane ƙoƙon tangaran, yana murza kowane ƙulli. Gardi suka gaji da jira, Malam Illa ya yi tsaki har bakinsa ya bushe. Da la'asar ya dawo, ƙafa duk ƙaya, ya ce waya lafiyarta ƙalau. Ya gwada guntun maƙerin da wayar gwamnati, ko kaurinsu bai zo ɗaya ba.

Malam Illa ya ce shi dai na'urarsa ba ta ƙarya, in ba maƙeri ba ne to a nuna masa wane ne. Da wani ne, da ya ɗaga kafaɗa ya wuce gida. Muntaka kuwa ya zagaya bayan ɗakin na'urar, ya bi siririyar wayar da ta sauko ta bango ta shige ƙasa, ya hau tono da hannu. Ya tarar da faifan jan ƙarfen da aka binne, yashin da ke kansa ƙamas kamar an soya.

"Malam, magana ta waya take zuwa, amma ta ƙasa take komawa," in ji shi. "Ƙasa ta bushe, hanya ta toshe. Kuma da damina ta faɗi a haka, tsawar da ta biyo waya ba ta da mafita sai ta kan wanda ke zaune gaban na'ura."

Sai ya tambaya wa ke zama a nan da. Aka ce Balki mai fura ce, shekara uku tana wanke ƙorai da ludaya a inuwar bangon, tana watsa ruwan a wurin. Ran da Malam Illa ya iso ya kore ta, wai ruwanta ƙazanta ne, kuma ruwa da waya ba sa haɗuwa.

Aka juye tulu biyu a ramin. Kafin ruwan ya gama shanyewa na'urar ta kama bugawa tiryan-tiryan. Ni ban taɓa ganin kunya ta kama mutum irin ta ranar ba, amma in faɗi gaskiya, Malam Illa bai ɓuya ba. Da hannunsa ya kwance Ɗan'azumi, ya yaga takardar shaidar a gabansa. Muntaka ya mayar da ƙasa, ya danna ta sau uku kamar yadda ya saba, wannan karon kuma ba wanda ya yi dariya.

Washegari Malam Illa ya je kasuwa ya ɗauko tabarmar Balki da kansa, ya shimfiɗa mata a inuwar bango. Ta gama wanke ƙwarya, ta riƙe ruwan tana kallonsa.

"Malam, ai ka ce ƙazanta ne."

"Ki yi haƙuri, Iya," ya ce, yana nuna gindin wayar. "Nan za ki zuba."