Ƙofar da Baba Yake Sassaƙa

Gidanmu a gangaren tudu yake, kuma tun ina yarinya ƙofar ɗakin Mama ba ta taɓa rufuwa cikin daɗin rai ba. Duk ƙarshen damina sai ta cije. Baba kafinta ne, sai ya ciro ta ya kwantar a tsakar gida, ya sassaƙe mata gefe, ni da yayana muna wawason ɓawon katako. "Ƙiba take yi, irin ta uwarku," in ji shi. Mama kuwa ta jefo masa tsintsiya. A jikin ƙofar nan yake zana tsawonmu da fensir.

Bara gangaren ya zaftare, ya binne gidaje biyu a ƙasa da namu. Ofishinmu na injiniyoyi aka tura binciken ƙasar, ni ce kuma shugabar aikin. Muka kafa turakun ƙarfe a jere, muka sakar musu lantarki, don jiƙaƙƙen yumɓu ya fi dutse saurin ɗaukar wuta, na'ura kuma tana nuna inda yake kwance. Sannan muka haƙa rami muka ciro ƙasar. Mita bakwai ƙarƙashin ɗakin Mama, yumɓu ne mai santsi kamar sabulu, a kansa gidan yake sulalewa kaɗan-kaɗan.

Shekara shida ke nan da rasuwar Mama, Baba kaɗai ya rage a gidan, ga taurin kai. Na nuna masa hoton da na'urar ta fitar, na ce dole ya bar gidan, ya ce shi dai launi kawai ya gani.

"Ba inda za ni. Ke da na goya a nan za ki koya mini gidana?"

Raina ya ɓaci, amma tsoro ya fi yawa, don damina ta kusa. Na ja hannunsa zuwa bakin ƙofar.

"Baba, sau nawa ka sassaƙe ta?"

"Ya kai talatin."

"Duk a kusurwa ɗaya?"

Kafinta ne, ya san katako ba ya kumbura ta wuri ɗaya har shekara talatin, sai dai in ginin ne yake karkacewa. Ya daɗe yana shafa gefen da ya siranta.

"Ashe ba laifinta ba ne," ya ce a hankali.

Ranar tashi zuwa gidana bai ko kalli kujeru ba. Ƙofar ya ciro, da zanen fensirinmu a jiki, ya hana kowa taya shi ɗauka.

"Gidan naki, kin auna ƙasarsa?"

"Na auna, Baba."

"To madalla. Ta sha wuya a hannuna, bari ta huta."