Farin Cikon Yaya Likita

Kujerar ta kwanta da Malama a hankali, har ƙafafunta suka fi kanta tudu. Yaya Likita ya jawo fitila ya dallare mata fuska, ya cusa auduga ta nan, ya cusa ta can, ya rataya bututun zuƙe miyau a leɓenta na ƙasa. Shi ke nan, baki ya zama nasa. Maganar da ta shirya tun a gida, ta maimaita a mota, ta sake maimaitawa a kan matakala, duk ta maƙale a ƙarƙashin auduga.

Yaya Likita wan mijinta ne, kuma shi ne gatan gidan gaba ɗaya. Shi ya riƙe ƙannensa bayan rasuwar mahaifinsu, kuma daga wannan ɗaki mai warin magani ake ciyar da tsohuwarsu, ake karatun yara. A dangin nan ba a zuwa wurin wani likitan haƙori. Ko allon wani asibiti ka ɗaga kai ka karanta, sai a ce ka ci amana.

Bara ya cike mata haƙorin tauna da farin ciko, irin danƙon nan da ake haska wa shuɗin haske ya daskare. Aiki ya yi kyau, ba ka ko gane wurin. Amma ba a je ko'ina ba cikin kuncinta ya yi ja, ya saluɓe, leɓe ya kumbura. Ita kuwa malamar firamare ce, da baki take cin abinci ta kowace fuska. Ta koma koyarwa da sanda da nuni, yara suna kwaikwayon maganarta a bayan aji. Da ta dawo, Yaya ya leƙa ya ce yaji ne ya yi mata yawa. Ta bar yaji. Ya ce man goge baki ne. Ta sauya. Daga ƙarshe ya ce damuwa ce, mijinta ya yi dariya ya ce ai shi ya daɗe da faɗa. Sai ranar da cikon ya ɓalle da kansa tana tauna, sannan bakin ya fara lafawa.

A ɓoye ta je wurin wata likitar fata. Matar ta manna mata ƙananan filastoci a gadon baya, kowane da ɗigon sinadarinsa. Da aka ɓare su, wuri ɗaya ya yi jawur ya feso da ƙuraje. Likitar ta ce jikinta ba ya jituwa da wani abu da ke cikin farin cikon, ta gaya wa likitan haƙorinta ya sa mata simintin gilashi, wanda ake kwaɓa gari da ruwansa, babu danƙon a ciki.

Wai ita ta je ta gaya wa Yaya! Faɗi a baki ba wuya. Shaidarta tana tsakanin kafaɗunta, wurin da wan miji ba zai taɓa gani ba har duniya ta tashi. Mijinta dai ya gani, ya kama haɓa ya ce, "Ki rufa mini asiri. So kike in dubi Yaya in ce wata ta fi shi sani?" Da ta yi kuka, ya ce to, ta bar masa, shi zai san yadda zai shigo da zancen.

Ga shi can kan benci bakin ƙofa, yana shigo da zancen tayar mota.

Injin ya yi ta tsuwa a cikin kogon haƙorin, allura ta kashe rabin fuskarta. Ta juya ido iya yadda zai juyu tana neman mijin. Ya ga idon sarai, sai ya sunkuyar da kai ya hau latsa waya. Haushi ya turnuƙe ta, tsoro kuma ya fi haushin. Watannin nan ta tuna, lokacin da ko ruwa ta kurɓa sai ta runtse ido.

Yaya ya ajiye injin, ya jawo aljihun tebur, ya fito da baƙin sirinjin nan da ta sani, mai ɗauke da farin cikon. Ya murɗe murfin.

"A-a," in ji Malama, amma abin da ya fito bai fi gurnani ba.

"An kusa, Malama. Ƙara haƙuri."

"Tsoro ne, Yaya," in ji mijin. "Ka san ta da raki."

Hannun ya nufo bakinta. Ba ta san sa'ad da nata ya tashi ba. Ita da ko gaisawa suke yi ba ta haɗa ido da shi, sai ga ta ta damƙe yatsun wan mijinta ta matse da iya ƙarfinta.

Yaya ya ja numfashi ta tsakanin haƙora, irin na wanda aka taka wa gyambo. Sirinjin ya faɗi a kan ƙirjinta. A bakin babban yatsansa, ta cikin farar safar roba, wani ɗan ja ya fito yana faɗaɗa.

Mijin ya miƙe tsaye. "Ke! Kanki ɗaya kuwa?"

"Je ka gyara tsayuwar motarka, ka tare wa mutane ƙofa," in ji Yaya, bai ko waiwaya ba. Motar ba ta tare komai ba, amma a gidan nan ba a musu da Yaya. Ya fita.

Yaya ya zare audugar, ya cire bututun, ya ɗaga kujerar kaɗan. "Faɗi."

Da leɓe mai nauyi, magana na zamewa, ta faɗa masa komai: likitar fata, filastocin, jan tabon. Tana faɗa tana kallon silin, tana jiran ya ce ta raina shi.

Bai ce ba. Safar hannun ya shiga zarewa a hankali, sai ga wata safar a ƙarƙashinta. Da ya cire ta biyun, Malama ta rufe ido ta sake buɗewa. Kan yatsunsa uku duk sun tsattsage kamar kaushin dunduniya, fata ta yi kauri ta ɓaɓɓare, wani wurin yana tsattsafo da jini.

"Danƙon nan ne, yana ratsa safar," ya ce. "Ko nawa na sa."

"Yaya... tun yaushe?"

"Tun kafin naki."

"To da na zo bara..."

"Na gane tun leƙen farko." Ya dubi yatsun, bai dube ta ba. "In na ce abin nan na iya ƙona bakinki, to na yarda ke nan shi ke cin hannuna. Kowa farin yake so, Malama. In na daina taɓa shi, su wuce gaba. In hannun ya tsaya kuma, ke ma kin san bakuna nawa ne a bayansa."

Ta so ta ji haushinsa, kuma ta ji, har wuya. Sai dai tausayi ya zo ya zauna a kan haushin, ta rasa wanda za ta fara haɗiyewa.

Ya wanke hannu yana cije leɓe, ya sa sabuwar safa. Daga can ƙasan kabad ya zaro ƙananan kwalabe biyu, ya zuba gari a kan takarda, ya ɗiga ruwan, ya kwaɓa da sauri. Bai kai wancan sheƙi ba, ya ce, kuma zai fi saurin cinyewa, sai ta riƙa zuwa ana dubawa. Ya danna shi cikin kogon, ba a kunna shuɗin haske ba.

Yana goge mata gefen baki ya rage murya. "Ko tsohuwa ba ta sani ba. Shi ma kada ya ji. Za ki yi mini wannan?"

Kafin ta amsa ƙofa ta buɗe. Mijin ya leƙo, ya ga Yaya yana tattara kaya, fuskarsa ta washe.

"An gama? To kin gani! Duk wannan tashin hankalin, ashe ba komai. Na gaya miki hannun Yaya ba ya kuskure."

Malama ta dubi hannun, yana cikin safa fara tas. Babu auduga a bakinta yanzu, babu bututu, babu abin da ya tare mata harshe. Ta sauko daga kujerar, ta gyara mayafinta.

"Haka ne," ta ce.