Tarwaɗar Baba Tamba

"Mai da ta gulbi," in ji Baba Tamba.

Laure ta tsaya riƙe da roba, tarwaɗar na watsa mata ruwa a zane. Kwana huɗu ke nan maƙwabcin nata, tsohon masuncin Argungu, bai sa komai a ciki ba, romon kifi kawai ransa ke so. Ita kuwa mai bandar kifi ce, amma abin da ake kawo mata bana ko yatsa bai kai ba. Sawu uku ta yi bakin gulbi kafin ta samo wannan.

Tsohon ya miƙo hannu daga kan tabarma, ya latsa cikin kifin.

"Ƙwai ne maƙil. In kika yanka ta, dubu nawa kika yanka?"

"Haba Baba! Mutuwa fa kake yi!"

"Awo, na sani. Mu komarmu ta kamun kifi yatsa huɗu ke shiga idonta, ƙanana su wuce su girma. Yanzu da gidan sauro ake su. Tir!"

Ran Laure ya ɓaci.

"Zamaninku ku nawa ne bakin gulbi? Yau kowane gida masunta biyar, kowa da bakunan da ke jiransa. Kai kaɗai za ka gyara gulbi da yunwarka?"

Ya juya fuska bango. Taurin kai irin na Tamba, ai sai dai a bar wa Allah.

Ta fice fuu, ta dire robar a tsakar gidanta, ta rantse ko ɗura ce sai ya sha. Tana cikin wasa wuƙa a bakin turmi ta ji salati ya tashi ta kan katanga.

Ba ta yi kuka ba, haushi ya hana ta. Da aka dawo daga maƙabarta bayan la'asar, ta ɗora robar a ka, ta nufi gulbi. Samari shida na cikin ruwa suna jan gidan sauro.

"Inna Laure, sai da muna kifin mana!" wani ya ɗaga murya.

Ko kallo bai ishe ta ba. Ta bi gaɓa ta yi nisa, har ta daina jin hayaniyarsu, sannan ta shiga ruwa iya gwiwa ta karkata robar. Tarwaɗar ta ɗan tsaya jikin ƙafarta, kafin ta kaɗa wutsiya ta nutse.