Ranar da Shugaba Ya Zo a Kan Lokaci

Tara saura kwata, zauren otal ɗin bai yi kama da inda za a yi taro ba. Kujeru ɗari uku na jingine a bango, an ɗora wata kan wata. Kyallen da aka rubuta sunan ƙungiyar masu harhaɗa magunguna yana shimfiɗe a ƙasa, an danne kusurwoyinsa da gorunan ruwa. Uwar Taro, kamar yadda ake kiranta a ofis, tana durƙushe tana manne wayar lasifika da kafet don kada wani babba ya yi tuntuɓe a gaban kyamara. Hankalinta kwance, domin sai goma da rabi za a fara.

Wannan goma da rabin ita kaɗai ta san da shi, sai mai lasifika da ya shekara bakwai yana aiki da ita. Katin gayyatar 'yan ƙungiya ƙarfe goma ya ce. Na Shugaba, ƙarfe tara. Shekara goma sha ɗaya tana riƙe da wani ɗan littafi mai shuɗin bango, duk babban da ya shigo taro sai ta dubi agogo ta rubuta. Da littafin take yanka wa kowa lokacinsa, kamar yadda tela ke yanka wa kowa rigarsa. Shi ya sa a tarukanta manya kan shigo kusan tare, kowa yana ba da haƙurin cunkoson hanya, kowa yana jin daɗin cewa shi aka jira.

Yau kuwa ba ranar kuskure ba ce. Shekara guda ke nan tana riƙon ƙwarya a kujerar mai kula da sashen taruka. Takardar tabbatar da ita na cikin jakar Shugaba, ya ce sai ya ga yadda taron bana ya kasance zai sa hannu. In bai sa ba, akwai wani kamfanin matasa masu kwamfutoci da ke jira, sun yi alkawarin shirya taro ba takarda ko fallen ɗaya. Wanda ta gada kuwa laifinsa guda ne: an buga sunan Shugaba da haruffa daidai girman na Mataimaki. Yanzu yana gadin tsofaffin fayiloli a ɗakin ƙasa. Ga mahaifiyarta ta riga ta bi dangi gida gida ta shaida musu an tabbatar da 'yarta, saura biki.

"Yaya," in ji mai lasifika ƙasa ƙasa, "kada ki juya da sauri."

"Me ya faɗi kuma?"

"Ba abin da ya faɗi. Shugaba ne a bakin ƙofa."

Ta yi dariya, don ta ɗauka tsokana ce. Da ta ga bai yi ba, sai ta juya.

Shi ne kuwa, dogo, da tabarau, kati a hannun dama, jawabi a hannun hagu. Yana kallon kujerun da ke jingine kamar wanda ya dawo gida ya tarar an yi masa sata.

"Ranka ya daɗe! Sannu da zuwa. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, 'yata." Ya ɗaga takardun. "Jiya da yamma na zauna na karanta jawabina. Sakin layi na huɗu ya taɓa ni. Inda na ce wanda bai mutunta lokacin mutane ba, bai mutunta mutanen ba. Na jima ina juya maganar. Na ce wa direba gobe takwas da kwata mu bar gida."

Ita ta rubuta jawabin. Ita ke rubuta masa duk shekara, kuma bai taɓa ganin fuskar jawabinsa ba sai a kan mumbari. Sakin layi na huɗun ma ta sa shi ne don cike shafi.

"Ina mutane?" in ji shi.

"Suna hanya, ranka ya daɗe. Mu je ɗakin manyan baƙi ka ɗan sha shayi, akwai sanyi, akwai jarida."

"A'a. Nan zan zauna, a babban tebur. Duk wanda ya shigo ya tarar da ni."

Aka jawo masa kujera. Ya cire agogonsa ya ajiye a gabansa. Ma'aikatan otal da ɗazu suke tafiya kamar masu azabar ƙafa suka koma gudu, cikin minti goma kujeru suka jeru, kyalle ya hau bango. Ita kuwa ta wuce teburin rajista ta baya, ta kashe allon da ke nuna jadawali, ta tura tarin takardun shirin taro ƙarƙashin tebur da ƙafa. Ƙarfe goma aka buga a kansu, da manyan lambobi.

Tara daidai ya buga tebur da ɗan yatsa.

"A fara. Da wanda ya zo za mu yi."

Wanda ya zo: ita, mai lasifika, da wani mai shara da ya tsaya rungume da tsintsiya.

"Ranka ya daɗe, akwai masu bin mu ta intanet, sai an haɗa su tukuna." Ta harari mai lasifika. Shi kuma ya gane, ya duƙa ya fara ciro wayoyin da ya gama haɗawa tun bakwai.

Haka ta saye minti ashirin. Gwajin makirufo ya ba ta goma, domin Shugaba yana son jin muryarsa a zaure ko da babu kowa. Hoto a gaban kyalle ya ba ta biyar. Duk lokacin da ƙofa ta motsa sai ta waiwaya. Ba rashin zuwan mutane take tsoro ba, zuwansu take tsoro, don kowa zai shigo da katinsa.

Goma saura ashirin ta farko ta iso. Wata dattijuwa ce mai kantin magani, da sanda da jakar hannu, wadda tare suka yi jami'a da Shugaba, kuma ba ta taɓa yarda ya girme mata ba. Ta shigo tana taƙama irin ta wanda ya riga kowa.

"Sannu da ƙoƙari," in ji Shugaba ta makirufo. "Minti arba'in kacal kika makara."

Ta tsaya ta dube shi ta saman tabarau. "Dogo, kai ne ko aljaninka? Wa ya kore ka daga gida da sassafe?"

"Taron ƙarfe tara ne."

"Tsufa ya fara taɓa ka. Goma ne. Ni da na zo da wuri don in samu kujerar kusa da fanka."

"Mama, bismillah ga wuri," in ji Uwar Taro, ta kama hannunta tana ja. Amma dattijuwar ta riga ta buɗe jaka. Ta tako har babban tebur ta ajiye katinta kusa da nasa.

Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Takarda iri ɗaya, tambari iri ɗaya, lamba ɗaya ce kawai ta bambanta. Ya kashe makirufo da kansa.

"Malama," ya ce. Ɗazu kuwa 'yata yake ce mata. "Kuskuren maɗaba'a ne?"

Daga bayan na'urorinsa mai lasifika yana gyaɗa mata kai da ƙarfi, kamar wuyansa zai tsinke. Ƙofar tsira ce aka buɗe mata, ta sani. Amma ta san Shugaba. Zai kira mai maɗaba'a a gabanta, mai maɗaba'ar kuma yana da saƙonta a waya, dalla dalla, wane kati za a buga wa wa. Ta sa hannu a jaka ta ciro ɗan littafin ta ajiye.

"Ba kuskure ba ne, ranka ya daɗe. Shafi na uku."

Ya buɗe. Kwanan wata a hagu, lokacin da aka rubuta masa a tsakiya, lokacin da ya shigo a dama. Taro arba'in da ɗaya. A ƙasa ta ja layi ta fitar da matsakaici: awa ɗaya da minti ashirin da takwas. Dattijuwar ta leƙa ta kafaɗarsa ta ce, "Ai ta yi maka sassauci."

Shugaba ya ɗago daga littafin. Jijiyar gefen kansa ta tashi.

"Wato shekara goma sha ɗaya ana auna ni kamar mara lafiya."

"Don kada a fara ba ka, ranka ya daɗe. Kuma kada ka zo ka tarar mutane sun gaji sun watse."

"Raini dai sunansa raini."

Ya juya shafi da ƙarfi, kamar zai yage shi. Sai ya tsaya. Ya gyara tabarau.

"Wannan Mataimaki ne?"

"Shi ne."

"Awa biyu da minti biyar." Ya maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana wani abu. "Ƙarfe nawa kika rubuta a katinsa?"

"Takwas da rabi."

Shugaba ya dubi kujerar Mataimaki da ke gefensa babu kowa, ya dubi agogo. Wani abu ya motsa a gefen bakinsa, ya danne shi. Ya ci gaba da buɗe shafuka har na ƙarshe.

"Baban yara, minti arba'in. Har mijinki?"

"Da shi na fara."

Dattijuwar ta tuntsire da dariya. Shi bai yi ba. Ya ciro wata takarda daga jakarsa, ta gane ta tun kafin ya shimfiɗa, ya ɗora biro a kanta.

"A lissafinki, goma da minti talatin da biyar Mataimaki zai shigo. To. Na ba ki biyar gaba, biyar baya. In ya faɗo ciki, littafin nan ilimi ne, in sa hannu. In ya kuskure, ƙarya kika yi mini shekara goma sha ɗaya a banza. Ajiye wayarki nan. Kai ma mai lasifika, kawo taka."

Daga goma mutane suka fara kwararowa. Duk wanda ya shigo yana hira sai ya hango Shugaba zaune, ya haɗiye sauran maganar, ya nemi kujerar baya. Ba ta taɓa ganin zaure ya cika shiru haka ba. Ta tsaya a gefen mumbari, tana roƙon abin da ba ta taɓa roƙo ba a rayuwar aikinta: Allah Ya sa mutum ya makara.

Goma da minti ashirin da biyu aka ji hayaniya a waje, irin ta rakiyar babba. Ta dubi agogo. Wani mai ƙiba ya cika ƙofa, sai ga shi farfesan da zai gabatar da maƙala ne. Ta saki numfashi.

Goma da rabi ta yi. Mai gabatarwa ya miƙe, Shugaba ya ɗaga masa hannu ya koma ya zauna. Mutum ɗari uku suna kallon Shugaba, Shugaba yana kallon ƙofa. Yanzu roƙonta ya juya: ya zo, ya zo.

Da talatin da biyar, ba kowa. Da talatin da bakwai, wani ma'aikaci ya shigo da tiren kofuna, dattijuwar ta ja tsaki. Da talatin da takwas, Shugaba ya ɗauki biron ya rufe masa marfi. Ta tuna da ɗakin ƙasa, da warin tsofaffin fayiloli, da abin da za ta ce wa mahaifiyarta.

Da talatin da tara ƙofa ta buɗe duka ɓangare biyu. Mataimaki ya shigo yana murmushi, yana ɗaga wa jama'a hannu, yana tafiya ba gaggawa.

"A yi haƙuri, a yi haƙuri! Cunkoson hanya, ranka ya daɗe."

"Haba, ba komai," in ji Shugaba, da fara'ar da Mataimaki bai taɓa samu daga gare shi ba. "Ka zo daidai."

Ya cire marfin biron, ya sa hannu, ya tura mata takardar ba tare da ya dube ta ba. Sannan ya hau mumbari. Da ya kai sakin layi na huɗu ya ajiye takarda ya faɗe shi da ka, har sau biyu, fuskarsa na fuskantar Mataimaki, wanda ya fi kowa tafi.

Bayan an tashi ya miƙa mata littafin, amma ya yage shafi na uku ya sa a aljihu.

"'Yata, na sauran ki ci gaba da rubutawa. Ni kuwa daga yau lokacin gaskiya za ki riƙa sa mini."

"To, ranka ya daɗe."

Ta cika umarni. A taron da ya biyo baya ta rubuta masa ƙarfe goma, kamar kowa. Sai dai a farkon jadawalin ta sa shan shayi, gaisawa da zagayen rumfunan masu baje magunguna, awa ɗaya da rabi, ta ce wa kwamiti haka ake yayi yanzu a manyan taruka. Shugaba ya iso sha ɗaya da minti ashirin da shida, ya ba da haƙurin cunkoson hanya. Ta buɗe sabon shafi ta rubuta.