Aikin Hannun Kang Tarmuji

Duk wanda ka tambaya a ƙauyenmu zai ce maka Ngadirun bai iya tuƙi ba, shi ya ƙone birki ya kashe motarsa a gangaren makabarta. Ni ne Ngadirun ɗin. Shekara goma sha tara ina hawa da sauka a duwatsun nan na Dieng, ko kaza ban taɓa takewa ba, amma yau har mai soya tempe, wato awarar garinmu, a bakin masallaci ta san giyar da ya kamata in sa a ranar. To, su yi ta faɗa.

Motar 'yar ƙaramar a-kori-kura ce, injinta a ƙarƙashin kujera. Aikina ɗaya ne: in hau da buhunan kashin kaji zuwa gonakin Pak Kaji Marjuki, wato Alhaji Marjuki, da ke can saman dutse, in sauko masa da dankali zuwa kasuwar Kejajar. Da wannan aikin matata Rumiyati ke ɗora tukunya, ba mu da wani. Sai motar ta tsufa, numfashinta ya ragu. Da mun iso hawan makabarta da kaya sai ta fara kakari, ta tsaya cak a tsakiya. In ja birkin hannu, in diro in sa mata weji da dutse, in sauke rabin buhunan, in haye, in dawo in kwashi sauran. Sau uku Pak Kaji yana tarar da ni a haka.

A na ukun ya tsayar da babur ɗinsa, ya gyara hularsa, ya yi mini murmushin nan nasa mai sanyi.

"Run, girbi ranar Litinin ne fa. Idan motar ta gaji, babu komai. Na ji ɗan Sukirman ya sayi sabuwa."

Babu komai! Wallahi gara ya zage ni. A wurinmu idan babba ya ce maka babu komai yana murmushi, fara tattara tabarmarka.

Washegari, Juma'a, na kai ta wurin Lik Samingun, tsohon makaniken da ke bayan kasuwa. Ya saurari injin, ya taɓe baki.

"Wannan saukewa yake so, a yi masa aiki tun daga tushe."

"Haba Lik, da ina da kuɗin sauke inji, fuskata za ta yi kama da haka?"

"Fuskarka haka take tun kana cikin zani," in ji shi. Ya yi dariya, ya ɗaga kujera, ya kwance noti huɗu, ya ciro wani guntun bututu na farin ƙarfe, bai fi dunƙulen hannu ba. A cikinsa akwai wani faifai kamar murfin gwangwani. "Ga maƙogwaronta, ta nan take shaƙar iska. Ka taka totur, faifan nan ya buɗe; ka ɗaga ƙafa, ya rufe. Dubi bakin, duk kaushi da tudu da datti. Ka kankare tudun, ka ɗan buɗa bakin, ka goge shi ya yi santsi. Ba za ta koma amarya ba, amma za ta haye makabarta. Magagari da samfefa kawai za ka saya."

Sai ya kama yatsana, ya cusa ciki, ya ɗora shi a kan wani baƙin layi da ya zagaye bututun.

"Nan faifan ke kwanciya idan ya rufe. Kana jina? Kada samfefa ta ko shinshina wurin nan. Ka ci shi ko kaurin gashi ne, faifan ba zai ƙara rufewa ba har abada, kuma ƙarfen da aka kankare ba ya komawa."

Da shi da kansa zai yi, amma a ranar zai tafi Banjarnegara bikin jikarsa, sai Talata zai dawo.

Ranar Asabar da hantsi ina zaune a baranda ina fama da magagari, sai ga yayana, Kang Tarmuji. Shi ya raine ni tun da mahaifinmu ya rasu, ya bar makaranta domin ni in yi. Sana'arsa gugar duwatsun zobe. Lokacin da ake haukan zoben dutse, har daga Semarang mutane ke zuwa su yi layi a ƙofarsa. Sai yayin ya wuce kamar ba a yi ba. Matarsa ta tafi aikatau Jakarta, ba ta ƙara waiwayowa ba. Shekara huɗu ke nan yana zaune, a gidana yake cin abinci, ba ya kallon idon kowa, hannayensa a kan gwiwa kamar an jingine su.

Ya tsaya a kaina yana kallo, har ya kasa daurewa.

"Kai Run, ƙarfe kake gyarawa ko rogo kake feraya? Kawo nan."

Na miƙa masa da hannu biyu. Ina duban ƙasa na ce, "Kang, Lik Samingun ya ce baƙin layin nan na ciki..."

"Samingun! Mutumin da ke gyara agogo da guduma shi zai koya mini guga?"

Ban ƙarasa maganar ba. Aka kira ni gayyar rufin ɗakin maƙwabci, na tafi, ina cewa a raina in na dawo zan sake tuna masa.

Sai bayan la'asar na dawo. Tun daga bakin hanya na hango shi a baranda, ya baza tsofaffin kayan aikinsa da na zata ya sayar: samfefa iri uku, tsagin gora, guntun fata, har da man goge bakinmu da ya matse ƙarƙaf. Ya ɗago kai. Yana dariya! Ni dai na manta Kang yana da wushirya sai ranar.

"Karɓi, ka duba haƙoranka a ciki."

Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Bakin ya buɗe sumul, cikin yana ɗaukar ido, na ga fuskata a lanƙwashe. Na juya shi, na sake juyawa. Babu baƙin layi.

"Akwai wani tabo mai taurin kai a can ciki," in ji Kang. "Sai da na ɗan ci ƙarfen kafin ya fita. Ni aiki ba ya barin hannuna da tabo, ka sani."

Na rufe faifan, na ɗaga bututun saitin rana. Ga haske nan siriri yana shigowa ta ko'ina a gefen faifan. Na san abin da nake kallo, ba ni da wani uzurin jahilci. Na buɗe baki, na ga hannayensa baƙi ƙirin da ƙurar ƙarfe, ga murna fal a fuskarsa.

"Ya yi kyau, Kang," na ce.

A madafa Rumiyati ta tare ni, don ta ga fuskata. Na gaya mata da ƙaramar murya.

"To ka je ka faɗa masa mana!"

"In ce wa Kang ya ɓata aiki? Mutumin da ya goya ni a bayansa? Kin ga yadda yake dariya kuwa?"

"Dariyarsa za mu dafa? To ka nemo wani wurin 'yan gwangwan."

"Da me? Kuma in ce masa nasa fa ina na kai shi?"

Ta dangwarar da tukunyar shinkafa. "Wannan kunyar taku ta gado ita za ta kashe mu, maigida. Ka rubuta ka ajiye."

Ranar Litinin da sassafe na ɗaura maƙogwaron a motar. Ina murza makulli injin ya ɗauka da ruri, kamar an danne totur, alhali ƙafata tana ƙasa. Na sassauta notin silo, mai rage gudun inji, har ƙarshensa, ko gezau. Kang yana tsaye da sabuwar riga, ya naɗe zaninsa a wuya saboda sanyi.

"Ji murya! Ka ji yadda take shaƙar iska?"

Na ce wa kaina sanyi ne, idan ta yi zafi za ta lafa. Ƙarya na yi wa kaina, kuma na sani. Kang ya buɗe ƙofa ya shiga gaba. Ya ce yau da idonsa zai ga aikinsa.

Kuma ta haye! Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har gobe. Da kaya cike ta haye makabarta a giya biyu, ba tari, ba weji. 'Yan zaman shagon kofi suka miƙe suna tafi, wani yana ihu, "Ngadirun, wane boka ka kai ta?" Kang ya leƙa ta taga yana ɗaga musu hannu. A gona Pak Kaji ya ji daɗi, ya sa aka loda mini dankali har ya fi na kullum, ya ce ai yanzu motar ta warke.

Kowa a nan ya san ba a sauka dutsenmu da birki. Giya ɗaya kake sawa, ka ɗauke ƙafa daga totur, injin ya riƙe motar, birki kuwa ɗan taɓawa kawai. Na sa giya ɗaya a kan gangaren, na ɗaga ƙafa. Ba ta riƙe ba. Maimakon haka ja take yi, tana tura mu ƙasa, ga nauyin dankali a baya. Na taka birki. Na sake takawa. Na zauna a kansa, domin ba ni da wani abin yi. Kwana ta farko, ta biyu, sai wari ya cika motar, a ta uku birkin ya lume har ƙasa kamar na taka dafaffen kabeji.

"Run, sassauta mana," in ji Kang.

Na kai hannu zan kashe makulli, amma kwanar makabarta ta riga ta iso, ga mata uku a ƙasanta da damman ciyawa a baya, ba su ma waiwayo ba. Na yi salati, na karya sitiyari hagu, na ba katangar makabarta gaban motar.

Da na dawo hayyacina, dankali ne ke ta gangarawa tsakanin kaburbura. Kafaɗata ta goce, Kang ya fashe a goshi, shi ke nan. Motar kuwa ta naɗe, ƙashin bayanta ya karye. Mutane suka taru, kowa ya shaƙi warin birki, kafin a ɗaga ni ma an gama shari'a: Ngadirun ya ruɗe da sabon ƙarfin mota, ya zauna a kan birki kamar ɗan koyo. Pak Kaji ya zo ya dafa ni.

"Babu komai, Run. Alhamdu lillahi da rai."

Kafin azahar motar ɗan Sukirman ce ke kwashe dankalin da aka tsince.

Ranar Talata Lik Samingun ya dawo, ya zo inda aka jawo gawar motar a ƙofar gidana. Maƙwabta suna tsaye, Kang ma yana nan da bandeji a goshi. Lik ya kwance noti huɗun nan, ya ciro maƙogwaron, ya rufe faifan, ya ɗaga shi saitin rana. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne," in ji Kang, ya dafa ƙirji.

Lik ya dube ni. Rumiyati tana bakin ƙofa, idonta a kaina, ina jin zafinsa a ƙeyata. Kalma ɗaya kawai ake jira daga bakina sunana ya wanku. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Lik ya yi ajiyar zuciya, ya goge bututun da gefen rigarsa, ya miƙa wa Kang.

"Shekarata arba'in ina taɓa ƙarfe, ban taɓa ganin guga irin wannan ba."

Bai yi ƙarya ba, tsohon munafuki. Shi ma kunyar ce ta kama shi.

Maganar Lik ta zaga gari. Yanzu samari na kawo wa Kang murafun injin babur da salansa ya goge musu, har daga Wonosobo. Ya yi ƙiba, ya sayi sabon injin guga, yana cin abinci a gidansa. Maƙogwaron motata yana kan teburinsa a kan jan ƙyalle, shi yake nuna wa duk wanda ya zo. Ni kuma dako nake yi a gonar Pak Kaji, ina loda buhuna a motar ɗan Sukirman da kafaɗar da ba ta gama warkewa ba. Babu mai ba ni tuƙin motarsa, wa zai ba wanda ya ƙone birki? Rumiyati tana zuba mini abinci, amma ta daina tambayata yadda na wuni. Ina jin haushin Kang, ina jin haushin Lik, amma wallahi ba su kai rabin haushin da nake ji na kaina ba.

Jiya da yamma na biyo ta ƙofarsa, jikina duk ƙasa. Ya kira ni, ya zuba mini kofi, ya tura mini farantin tempe mai zafi. Ya daɗe yana kallona da tausayi, irin kallon da yake mini ina yaro idan na faɗi.

"Ka daina sa abin a ranka, Run, kowa yana kuskure. In Allah ya ba ka wata motar, ka kawo na goge maka, ba sai ka biya ba. Sai dai ka ji shawarar yayanka: ba a zama a kan birki a gangare. Ka riƙa barin inji ya riƙe maka."

Na ɗauki kofin da hannu biyu.

"To, Kang," na ce.