Inuwar Mai Hannu

Tun a shekarar farko a jami'a aka gano hannunta ba ya rawa. Duk hoton da ta ɗauka sai ya fito fes, shi ya sa ƙawayenta uku na ɗaki, Doguwa da Gimbiya da 'Yar Baba, suka laƙaba mata Mai Hannu. A kan matakala, a bakin aji, a gindin bishiya, maganar ɗaya ce: "Mai Hannu, zo ki yi mana aikinki." Sai ta durƙusa, ta karkata waya, ta ce wa Doguwa ta rage tsawo, su kwashe da dariya. Idan suka ɗora a shafukansu aka yi ta yabo, daɗi take ji har cikin ɓargo, kamar ita aka yaba.

Ana gab da kammala karatu, Inna ta kira ta da hantsi.

"Auta, turo min hotonki da ƙawayen nan naki, in nuna wa gwaggonki. Ta ishe ni, wai boko ya mai da ke mujiya."

"Ai sun fi a ƙirga, Inna. Yanzu kuwa."

Ta zauna a bakin gado tana jan hotuna da yatsa. Ga Doguwa, ga Gimbiya, ga 'Yar Baba, suna dariya, suna rungume da juna. Ta kai ƙarshe, ta sake komawa farko. Babu ita. Ta leƙa shafin Gimbiya, sai ga sabon bidiyon bankwana, an rubuta a ƙasa: "Mu uku, har abada."

"Doguwa," ta ce, muryarta can ciki, "kin san ba na cikin ko ɗaya?"

"Ke ma dai! To wa zai ɗauka? Yauwa, taso ma, hasken tagar nan ya yi kyau."

Ta karɓi wayar. Suka jeru, suka haɗa kumatu. Ta danna.

"Kai, duk ya yi dishi-dishi!" in ji Gimbiya. "Yau me ya sami hannun?"

Da suka fita, ta nemo wani tsohon hoto na yamma, inda inuwarta ta miƙe a ƙasa har ta taɓa takalmansu. Shi ta tura.

Saƙon muryar Inna ya shigo. "Tubarkalla, 'yan mata kamar a sace! Amma Auta, idon nawa ya tsufa. Wacce ce ke a ciki?"